Yaron Shagona Mai Furfura

Bari in riga ku faɗa, tun kafin wani ɗan sa-ido ya faɗa muku a tasha: wawan da ke cikin wannan labari ni ne. Ba wai na ɓata aiki ba ne, wannan kam har gobe ban yarda ba, ko gaban wa za a je. Wautata ita ce an yanke mini hukunci mai ranar ƙarewa, aka ce ko ina so a musanya mini da wani, na yi wuf na karɓi musanya, har da durƙusawa ina godiya.

Da ku nake, ku samarin da kuke cika mini benci da hantsi kuna jiran wayoyinku su cika a shagon cajin maƙwabcina. Ina jin ku sarai. Kunnena ɗaya ne ya mutu, kuma ba shi ne yake fuskantar benci ba. Ran nan wani mai wando kamar a jikinsa aka ɗinka ya ce, "Aikin Baba Iro ai kitso ne, sai dai shi da waya yake yi." Na kusa da shi ya ce ya ga yadda ake yi a wayarsa, kafin shayi ya huce an gama. To madalla da ilimi. Ni a firamare na tsaya, malamin lissafi ya ce kaina ya cika, kada a ƙara ya zube. Amma da ɗan abin da na tsira da shi zan rubuta muku yadda kitson yake, in ya so mai ƙarfin hali ya zo ya kama.

Ku sami kik ɗin mota, abin nan da yake tayar da injin, ku buɗe. Abin da yake juyawa a ciki shi ne amaca, dunƙulen ƙarfe mai ramuka da aka naɗe da waya. A ƙarshensa akwai zobe na jan ƙarfe, an tsaga shi sala-sala kamar jerin haƙora, tsakanin kowane biyu da wani siririn farin abu da ake kira maika, wanda wuta ba ta ratsa shi. Duk abincina a kan zoben nan yake. Wutar batir jakin gida ce, hanya ɗaya ta sani. In ka bar ta da halinta, amaca zai yi rabin juyi ya tsaya yana kallonka. Aikin zoben shi ne ya riƙa sauya mata hanya: wannan sala ya shigo ƙarƙashin burushi, ɗan baƙin guntun da yake gogar zoben, ya karɓi wuta ya wuce, na bayansa ya karɓa, haka har injin ya ɗauki gudu. Kun taɓa ganin mata suna lugude a turmi ɗaya? Wata taɓarya tana fita, wata tana shiga. Ran da ɗaya ta yi nawa ko ta yi garaje, taɓare suka haɗu, sai ka ji salati. A amaca salatin tartsatsi ne, bayansa hayaƙi.

Aikin farko da aka ajiye a gabana ina yaro mai koyo, dainamon wata tsohuwar babbar mota roka ne mai jigilar gyaɗa daga Roni. Maigidana, Oga Bulus, mutumin kudancin Kaduna ne, ya zauna a Kazaure har ya fi ni karin magana. Ya miƙo mini guntun ruwan zarto da aka wasa bakinsa ya yi siriri, ya ce in bi tsakanin salan nan in tone maikar ta yi ƙasa kaɗan. Jan ƙarfe ya fi maika saurin cinyewa, in ba a tone ta ba sai ta yi tudu, burushi ya riƙa tsalle a kanta kamar keke a kan kunyar gona. Na ce a raina wannan ai wasan yara ne. Hannuna ya zame, zarton ya ja layi a kan jan ƙarfen. Na ɗauko baƙar samfefa na goge wurin har ya yi ƙyalli, na kai masa ina jiran yabo. Ya shafa da yatsa, ya dubi yatsan, ya dube ni. Ya ce, "Iro, me mai motar nan ya yi wa ubanka?" Baƙar samfefa ƙwayarta tana ɗaukar wuta. Tana maƙalewa a tsagi ta haɗa salan da bai kamata su gaisa ba, ta kuma nutse cikin burushi ta yi ta cin zoben. Fara ake sawa, ta yashi. Sai da damina ta wuce, rani ya wuce, ina tonon maika, kafin a bar ni in taɓa waya.

Kuɗin koyo kuwa ubana ba shi da su. Aka zauna aka musanya su da noma. Oga yana da gona a hanyar Roni, duk damina ni ne jakin gonar, da safe fartanya, da yamma zarto. Da muka fito daga wajen shirin, Baba ya yi dariya. Ya ce a zamanin ubansa da dami da wuri ake biyan haraji, sai Nasara ya zo ya ce shi ba ya cin gero, a ba shi sulalla. Mai cikakken rumbu ya wayi gari matalauci don ba shi da ƙarfen da ake so, dole ya rage gero ya shuka gyaɗa, ya sayar yadda mai saye ya ga dama. Ya ce, "Su an ce su kawo kuɗi maimakon gumi, sun yi kuka. Kai an ce ka kawo gumi maimakon kuɗi, za ka yi naka." Na ji, na kuma manta, kamar yadda ake yi wa maganar uba.

Kayan aikinmu duka ba su cika akwatin ƙarfe ɗaya ba. Akwai guntun zarton nan, da ƙarfen liƙi da ake turawa cikin garwashi har ya isa narka dalma amma bai yi ja ba, da ƙwan gwaji mai waya biyu. Sai wani dunƙulen ƙarfe da muke kira mai gurnani: ka ɗora amaca a kansa ka sa masa wuta, ka riƙe ruwan zarto a sama kana juya amacan a hankali, duk inda waya ta haɗe a ciki sai zarton ya kama rawa a hannunka. Sauran kayan a jiki suke, hanci da babban yatsa da haƙuri. Kafin ka warware ƙonanniyar waya sai ka karanta hannun wanda ya naɗa ta, inda ya fara, ramin da ya tsallake, salan da ya sauke bakinta. Ka yi gaggawa ka finciko ta, ka share wa kanka hanya, sai dai ka zauna kana kallon ƙarfe yana kallonka. Ka sauke bakin waya a salan da ba nasa ba, ido ba zai ga komai ba, amma injin zai juya da baya ko ya tsaya yana zafi. Kitso in ya karkace a kan ɗaura ɗankwali. Wannan fa?

Masu kawo aiki kuwa, Allah Ya shirye su. Wani direban tirela mai ɗaukar shanu daga Babura ya taɓa iso mini da kik ɗinsa a buhu, shanu suna cikin mota a rana, masu shanun suna biye da shi da sanduna. Na buɗe na tarar wani gwani a hanya ya fasa batirin tocila, ya zaro baƙin sandan ciki, ya feƙe ya cusa masa a matsayin burushi. Wannan dabara tana iya tada injin keken ɗinki, amma kik ɗin tirela? Ya rududduge ya toshe kowane tsagi. Na tone, na goge, na sa burushi na gaske, masu shanun suna leƙa kafaɗata suna ta Fillanci, na kuma tabbata ba addu'a suke mini ba. Da motar ta tashi sai direban ya ce, "Ashe ɗan abu ne." Kullum haka ne. In ya tashi, ɗan abu ne. In bai tashi ba, Iro ya kashe.

To yanzu ga Yaya Tanimu. Mutumin Roni ne, aminin yayana marigayi, tun ina yawo ba wando yake aike na. Ya ƙare ƙuruciyarsa yana tuƙi a wani kamfanin gina hanya, a garejinsu ya koyi walda. Da ya ajiye aiki, kamfanin ya ba shi zaɓi: ko a riƙa ba shi fansho wata-wata har ya mutu, ko a dunƙule a ba shi gaba ɗaya a sallame shi. Ya zo shagona ya ce, "Iro, akwai injin walda a Gwiwa, magada za su sayar. Irin na da ne, mai janareta a jikinsa. In na karɓi dunƙulen zan saya, in ɗora a amalanke in bi ƙauyuka ina gyaran garmar shanu. Zo ka duba mini cikinsa. In ka ce in saya, in saya."

Muka hau babur muka tafi Gwiwa. Injin yana ƙarƙashin rumfa an rufe shi da tabarma, kaji sun yi ƙwai a gefensa. Na buɗe bayansa. Amaca kamar cinyar bijimi, waya mai kauri, kowane baki an sauke shi inda ya dace. Zoben ya ɗan rame a tsakiya inda burushi ya ci shi, amma da sauran nama. Na ce, "Yaya, wannan injin shi zai binne mu. Karɓi haƙƙinka a dunƙule. Wata-wata ai bara ce, yau a ba ka, gobe a ce kwamfuta ta lalace. Muddin ina numfashi amacan nan ba zai kwanta ba." Abin da na faɗa ke nan, kuma a kan abin da na gani, gaskiya na faɗa. Ya karɓa, ya saya, bai rage komai ba sai na shanun da za su ja amalanken. Gidansa kuma ba ƙarami ba ne, ga iyalinsa ga marayun ƙaninsa. Tukunyarsu duka ta koma kan zoben nan. Bazarar farko ba ka ganinsa sai a ƙauye, manoma sun jera garmuna suna jiransa.

Sai muguwar shekara ta zo. Jan ƙarfe ya yi tsada, ban san wa yake cinye shi a duniya ba. 'Yan gwangwan suka bazu da kura da ma'auni, gida-gida, gareji-gareji. Tsofaffin amacan da muke tarawa a bayan shago don cire zobe ko sala, waɗanda su ne ɗakin maganinmu, aka wayi gari babu ko ɗaya. Abin da aka zauna aka ƙera da hankali, mutum ya sa guduma ya farfasa don ya auna a sikeli! A gabana aka fasa dainamon da ya girme ni, mai fasawar yana shan rake. Sannan waya ta gaske ta ɓace a kasuwa.

A shekarar ne, ana dab da shuka, amacan Yaya Tanimu ya ƙone. Aiki ya yi masa yawa, shi kuma ba ya barin injin ya huta. Na tafi Kano na sayo waya, ja wur, gwanin kyau. Na kankare bakinta na ga ja. Na zauna na naɗa amacan nan kamar zan kai shi gasa, na liƙe kowane baki da dalma, na tsoma shi a banish, na gasa shi a cikin durom a kan toka mai zafi. Muka gwada ya tashi lafiya. Ashe alminiyam aka sa wa rigar jan ƙarfe, riga mai kaurin da kankara ɗaya ba ta tona mata asiri. Ana tsakiyar aiki a kasuwar Gwiwa wayar ta yi zafi, bakunan suka saki, wuta ta zagaye zoben, salan suka ɗaɗɗago suka kakkarya burushi. Zoben ya tashi daga aiki. Wanda ya sa wa alminiyam riga yana can yana hawa mota mai sanyi. Wanda ya sayar mini ya rantse shi ma haka aka sayar masa. Ni da na naɗa, ni ne a kusa.

Waya ana iya sakewa, zobe irin wannan kuwa an daina ƙera shi. Na tone Kano ban samu ba. Na je Babura wajen Alhaji Lawali, wani ɗan kasuwa mai tsallaka iyaka, na ce ya nema mini a can ƙetare ko da sefa za a biya. Ya ce 'yan gwangwan sun riga ni tsallakawa. Damina ta sauka, injin yana ƙofar shagona awaki suna fakewa a ƙarƙashinsa, Yaya Tanimu ya sayar da shanun ya sayi hatsi.

Bai kai ni kotu ba, ya ce ba zai tsaya gaban alƙali da ƙanin amininsa ba. Sai ya kai ni ƙungiyarmu ta masu gyaran mota, wadda ta fi kotu rashin imani. Al'adar ƙungiya, in aka ɗora wa mai sana'a alhakin kashe kayan mutum, kuma ba shi da halin biya, sai a ɗaure akwatinsa. Shugaba ya sa kwaɗo a akwatin kayan aikinka ya tafi da mabuɗin, ba ka taɓa aikin kowa a garin har wa'adi ya cika. Shugabanmu kuwa Alhaji Sabo ne, mai gyaran jikin mota, mutumin da duk iliminsa guduma ce. Shi ne zai yi wa mai naɗin amaca shari'a! Na kawo guntun wayar, na tura ta cikin garwashi a gabansu, ta lanƙwashe ta zube kamar kitse. Na ce, "Ga mai laifin nan, ku ɗaure akwatinta."

Alhaji Sabo ya ce, "Waya ce ta ce masa ya karɓi dunƙule?"

Na ce, "Shawara aka nema na bayar, Alhaji, ba aure na ɗaura masa da injin ba."

Ya ce, "Muddin kana numfashi, in ji ka. Kana numfashi ko ba ka yi?"

Aka yanke: ɗaurin akwati har kaka. Sai Oga Bulus, wanda aka ɗauko a babur don tsufa ya hana shi tafiya, ya buga sandarsa a ƙasa. Ya ce, "Ɗaure akwatin Iro ba zai sa tuwo a gidan Tanimu ba. Gida ɗaya ya mutu, ku kuma za ku kashe na biyu ku ce kun yi adalci. Ku sassauta. Tanimu ya zauna a shagon a matsayin mai koyo, ya ci daga abin da shagon ya samu, har ran da aka yaye shi." Aka gyaɗa kai. Alhaji Sabo ya ce, "Iro, zaɓi. Kwaɗo har kaka, ko yaro har yaye." Na yi lissafi irin na wanda aka kora daga ajin lissafi. Na ce ga akwatina a buɗe, ga hannu kyauta, kuma direba mai yatsu kamar rogo ba zai yi sati yana tonon maika ba zai gudu. Nan ne na durƙusa na yi godiya.

Da na ba 'yata labari, wadda take koyarwa a sakandare, ta ce a Turanci suna ɗaya ake kiran abin da zobe yake yi wa wuta, da sassaucin da gwamna yake yi in ya mayar da hukuncin kisa ɗaurin rai-da-rai, da abin da kamfani ya yi wa Yaya Tanimu, da abin da Nasara ya yi wa harajin kakana. Na ce ai Bature rowa gare shi har ta suna. Abin da na sani, a cikin amaca kaɗai ake wannan musanya kowa ya tashi lafiya, shi ma sai in ni na gyara.

Washegari da sassafe yarona ya iso, da butarsa da dardumarsa da furfurarsa, ya zauna a kan kujerata. Dokar sana'a, yaro shi ke shara, shi ke hura gawayi, shi ke sayo shayi. Na ɗauko tsintsiya zan miƙa masa, hannuna ya ƙi. Wa zai miƙa wa aminin yayansa tsintsiya a bakin titi, Kazaure tana kallo? Na sunkuya na share. Ya ce, "Oga, ka bar can lungun." Shi yana ce mini Oga, ni ina ce masa Yaya, wanda ya ji mu sai ya ɗauka ɗayanmu ya taɓu. In ce, "Yaya, in ba damuwa, ko za a ɗan hura wutar nan?" Ya ce, "Oga, bayana ne yau ya tashi da ni." In hura. Shayi in na sayo, babba ake fara zuba wa. Abinci in an kawo daga gidana, babba ke fara sa hannu, kuma hannun direba ya san inda nama yake. Abin da aka samu da yamma, kasonsa ake fara cirewa, don haka ƙungiya ta ce. Baƙo in ya zo da aiki, gabansa yake durƙusawa ya gaida mai shago, shi kuma ya nuna ni da carbi ya ce, "Ba wa yaron nan, yana da hannu." Tsohon da kuke gaisarwa kafin ku dube ni, shi ne. Yarona ne.

Bai gudu ba. Abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Ya sa tabarau ya zauna da guntun zarto, yana tonon maika yana ba ni labarin hanyoyin da ya gina, kamar shi ya shimfiɗa kwaltar da hannunsa. Kunnensa na direba ne, daga ƙarar kik yake gane ciwonsa tun motar ba ta gama tsayawa ba. Direbobin Roni da na Babura, tsofaffin abokansa, suka dawo da aikinsu wajenmu, aiki ya ƙaru, ya zama ko ƙorafi na kai ƙungiya dariya za a yi mini. Kaka ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce. Da kwaɗon na zaɓa, da tuni na manta da warinsa.

Ana haka sai Alhaji Lawali ya aiko daga Babura. An tono wani mataccen janareta a wata tsohuwar tashar ruwa can bayan Magarya, yashi ya binne shi, shi ya sa 'yan gwangwan ba su gan shi ba. Na je da kaina na auna zobensa, ya yi daidai da namu kamar tagwaye. Na ga ƙofar kurkuku ta buɗe. Muka zare tsohon zoben, muka danna sabon da jak a ƙarƙashin wata babbar mota. Waya kuwa wannan karon sai da na ƙona bakin kowace ƙulla a gaban mai sayarwa, wadda ta yi ja ta tsaya a miƙe ita na ɗauka. Na naɗa, na karkata amacan ƙasa wajen liƙi don kada dalma ta gangara ciki, na ɗaure, na gasa, na kai Kano aka feƙe zoben ya yi sumul. Tonon maikar Yaya Tanimu ne ya yi, kuma tunda rubutu ba ya son ƙarya, bai ja layi ko ɗaya ba. Na zaunar da burushi da farar samfefa. Muka tayar. Wutar walda ta kama shuɗiya shar, ƙarƙashin burushi kuwa ko ƙyas babu.

Ban jira komai ba na kira walimar yaye. Na sayi goro da lemo, aka dafa shinkafa a gidana, na sayi sabon akwati na zuba masa zarto da ƙarfen liƙi da ƙwan gwaji. Aka wanke injin aka tsayar da shi a tsakiya kamar ango. 'Yan ƙungiya suka cika bencina da na maƙwabta. Yadda muke yaye, maigida ya ce ya sallama, sai shugaba ya juya ga yaron ya tambaye shi ko ya ƙoshi da koyo. In ya ce ya ƙoshi, a shafa fatiha, ya ɗauki akwatinsa ya kama gabansa. Tun da nake ban taɓa ganin yaron da ya bari aka gama tambayar ba, don kowane mai koyo ƙafarsa ɗaya a waje take.

Na miƙe na ce na sallama, har da ƙarin addu'a. Alhaji Sabo ya juya ya ce, "Malam Tanimu, ka ƙoshi?"

Yaya Tanimu ya ɓare goro, ya duba tsakiyarsa ko da tsutsa, ya ciza. Ya ce, "Ban ƙoshi ba."

Wuri ya kaure. Alhaji Sabo ya ce ai kuwa ba a yaye wanda bai ƙoshi ba, doka ce. Na ce, "Wace irin doka? Yaya, ka ji tsoron Allah! Ga injinka ya tashi."

Ya ce, "Na gan shi, Oga, ya yi kyau. Sai dai yanzu kowane yaro a Roni yana da injin walda kamar rediyo, yana rataye shi a kafaɗa ya hau babur. Ni da wannan bayan nawa zan bi amalanke in yi tsere da su? Shanun ma mun cinye."

Na ce, "To ga akwati, ga sana'a a hannunka, ga injin ko sayarwa ka yi jari ne. Duka na haɗa maka wuri ɗaya, a rana ɗaya, ka ɗauka ka tafi. Me kuma ya rage?"

Ya tofar da ɓawon goron, ya gyara zama a kan kujerata, ya dube ni ta saman tabarau.

"Oga, sau ɗaya aka taɓa haɗa mini haƙƙina wuri ɗaya a rana ɗaya, kai ka ce in karɓa. Yanzu kai ne fanshona. Wata-wata zan riƙa cin ka, har ɗayanmu ya mutu."